Shari'ar da ke duban rawani kafin ta dubi laifi

A kowace kasuwar dabbobi ta ƙasar nan, daga Dakwaro har Abalak, daga Gidan Runji har Tanut, akwai wata tambaya da dillalai suka san amsarta, ko da yake ba su cika faɗa a gaban mai kaki ba. Idan ɓarayi suka kore wa makiyayi shanu ashirin cikin dare, ina yake nufa da safe? Yana nufar wajen ardo, ko ya tara ƴan uwansa su bi sawu, ko ya nemi wani da ya san wanda ya san ɓarayin, a yi ciniki ya fanshi dukiyarsa da kuɗinsa. Ƙofar jandarma ita ce ta ƙarshe da zai ƙwanƙwasa, in ma ya ƙwanƙwasa. Ya san hanyar sarai. Abin da ke tsai da shi shi ne lissafin da ya gada daga ubansa: za a tambaye shi katin ɗan ƙasa da ba shi da shi, za a tambaye shi kuɗin man mota, za a rubuta maganarsa cikin Faransanci a ce ya dangwala yatsa, kuma in rana ta ɓaci, wanda ya shiga da ƙara yana iya kwana a bayan ƙofa. To, mutum ya yi asarar shanu ashirin, don me zai ƙara da bijimi na ashirin da ɗaya?

Manyan ma'aikata a Yamai ba su son jin wannan zance. Da an tada shi sai su ce Nijar ba ta san wariya ba, su kawo wasan taubasai tsakanin Bafillace da Ba'are, ko Bafillace da Babarbare, su tuna wa mutane cewa Birji Rafini, Abzinawa suka haife shi, ya riƙe firaminista daga 2011 zuwa 2021, kuma Balarabe ya hau kujerar shugaban ƙasa a 2021. Duk gaskiya ne, kuma abin alfahari ne da maƙwabta da yawa ba su da irinsa. Sai dai firaminista ba shi ke tsaye a shingen hanya ba, kuma wasan taubasai bai taɓa fid da kowa daga gidan kaso ba. Amana tsakanin talaka da hukuma a ƙaramin ofishi ake ƙulla ta, a gaban tebur ɗaya da kujera ɗaya, kuma a nan ake warware ta.

Wanda ke son sanin inda amanar ta tsinke sai ya koma baya, domin makiyayi ba ya mantuwa ko da littafin makaranta ya manta. A watan Mayu 1990, wasu samarin Abzinawa da suka dawo daga Libiya da Aljeriya bisa alkawuran da ba a cika musu ba suka kai farmaki a Cintabaradan. Laifi ne, kuma akwai doka domin irinsa. Maimakon doka sai aka aika da soja, aka bi zango zango da rijiya rijiya, aka hukunta wanda ya yi da wanda bai ma ji labari ba. Gwamnatin wancan lokaci ta amsa mutuwar mutum kimanin 70. Ƙungiyoyin waje sun ce ɗaruruwa ne. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe maganar a gaban kowa, rediyo na watsawa, har aka tsare kyaftin Maliki Buraima. Me ya biyo baya? A watan Fabrairu 1992 sojoji suka yi bore, suka fid da shi daga kaso da ƙarfin bindiga. Cikin Agusta na wannan shekara kuma, bayan kashe wani sufeton ƴan sanda a Agadas, ƙananan sojoji da masu kaki suka ɗauki doka a hannunsu, suka kame mutum 186, kusan dukansu Abzinawa, har da manyan ma'aikata da ƴan siyasa, babu sammaci babu alƙali, wasu suka share watanni a tsare. Darasin da arewa ta koya cikin shekara biyu shi ne mai kaki yana iya kama wanda ya so, shi kuwa ba a iya riƙe shi ko an kama shi. Sai da aka sha tawaye har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 kafin wutar ta lafa, kuma kuɗin wannan wuta daga aljihun kowa ya fita, har da ɗan kasuwar da motarsa ba ta iya bin hanyar Agadas sai cikin rakiyar soja.

Mutanen Maraɗi kada su ce wannan labarin arewa ne. A ƙarshen Oktoba 1991, taron ƙasa bai ma tashi ba, ana can ana jawabi kan ƴanci da haƙƙin ɗan Adam, aka kashe Fulani fiye da 100 a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, mafi yawansu mata da yara. Manoma ne suka yi wannan aiki, masu magana da harshen da ake rubuta wannan jarida da shi. Kisa irin wannan ba a shirya shi cikin ƙiftawar ido. Sai an yi gangami, an kira ƙauyuka, an wasa makamai. Ina hukuma take sa'ad da ake gangamin? Shekara 25 bayan haka, a farkon Nuwamba 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, rikicin gona ya sake cin mutum 18 bisa ƙidayar gwamnati, aka ƙone gidaje. Kowane kaka sai an yi fargaba, kamar wata annoba ce da ke sauka daga sama, alhali kowa ya san watan da take zuwa, ya san burtalin da aka nome, ya san mashayar da aka kewaye.

Ba doka aka rasa ba. A wannan fanni Nijar ta fi ƙasashe da yawa kyawawan takardu. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa. A 1993 aka kafa ginshiƙan dokar karkara, da kwamitocin ƙasa da ya kamata su rubuta burtali da makiyaya da rijiyoyi. A 2010 wata doka ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda gwamnati za ta kare. Amma a je a ga yadda ake sasanta ɓarnar gona a ƙauye. Mai gari da manomin gari ɗaya suke, sau da yawa dangi ne, tare za su yi sallar Juma'a. Makiyayi baƙo ne mai wucewa. An kulle masa dabbobi, ba ci ba sha, kowace rana suna ramewa, kowace rana kuɗin tsaro na hawa. Wanda aka riƙe wa garke ba ya ciniki, biya kawai yake yi. In ya ce bai yarda ba a tafi gaba, can ma wani bakin ne zai buɗe. Ba a cewa makiyayi ba ya ɓarna. Akwai masu sakin shanu cikin hatsi da gangan tsakar dare, akwai masu zare takobi kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma manomin da aka cinye wa gumin damina yana da haƙƙin a biya shi har ƙwaya ta ƙarshe. Abin da ake ƙi shi ne ma'auni biyu: ɓarnar saniya a auna ta da babbar tiya, nome burtali kuwa a ce ai ƙasa ta yi ƙaranci, a yi haƙuri.

Wanda ke shakkar cewa kotu kanta tana duban asali, ga shari'ar Hadijatu Mani, wadda duniya duka ta sani. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya a wani gida na ƙasar Ƙonni. A 2003 majalisa ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce matarsa ce, ba ta fita. Ta kai ƙara, kotun farko ta ba ta gaskiya, ta sama ta soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, wa aka gurfanar? Ita. A 2007 kotun Ƙonni ta yanke mata wata 6 a kan wai ta yi aure kan aure, ta kuma shiga kaso. Alƙalan da suka riƙe takardar ƴanta baiwa a hannunsu, shaida ƙarara cewa an yi bauta, ba su ga laifin da ke cikin takardar ba, sai na yarinyar suka gani. Sai da kotun CEDEAO ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008, ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2014 wata kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mai wahaya, shekara 4. Hadijatu ta samu ƙungiyar Timidriya da lauyoyi a bayanta. Sauran Buzaye mata da ba su samu ba fa, wace ƙofa za su ƙwanƙwasa bayan sun ga abin da aka yi wa wadda ta ƙwanƙwasa?

Masu kaki za su ce ana ɗora musu laifin da ba nasu ba, kuma a nan suna da magana. Jandarma ƴan kaɗan ne aka ba ƙasar da sai a yi kwana ana tafiya ba a ƙure ta ba, mota ɗaya, man da bai isa mako ba. An kai yaro daga Doso ko Damagaram an ajiye shi cikin mutanen da ba ya jin harshensu, ba wanda ya koya masa bambancin zango da zango. Tun da yaƙin ƴan ta'adda ya shigo kuwa, kakin kansa ya zama abin farauta: soja 71 aka kashe a Inates cikin Disamba 2019, wasu 89 a Cinagodar cikin Janairu 2020. Wanda ya binne abokan aikinsa da hannunsa, ba mamaki zuciyarsa ta yi zafi. Amma domin irin wannan rana ce aka yi doka. In zuciya kaɗai za a bi, me ya raba mai kaki da ɗan banga?

Abin da ya faru a yankin Inates da Ayoru tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilu 2020 shi ne amsar. Farar hula 102 suka ɓace. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, ƙarƙashin Farfesa Khalid Ikhiri, hukumar gwamnati ce ba ta Turawa ba, ta aika da masu bincike, suka tono gawa aƙalla 71 cikin ramuka 6, ta kuma bayyana a Satumba 2020 cewa wasu daga cikin jami'an tsaro ne suka yi kisan. Ma'aikatar tsaro ta musanta. To, in an musanta, ai kotu ce ke raba gardama. Shekaru sun shuɗe, ba a ga an gurfanar da kowa a bainar jama'a ba, hukumar da ta yi binciken ma ta tafi tare da tsarin mulkin da aka rushe a Yuli 2023. Iyalan waɗannan mutane makiyaya ne, su ne suka san kowace fadama da kowane sawu a kan iyakar Mali, su ne ake roƙo kullum a rediyo su ba jami'an tsaro labari. Da wane baki? Su ɗin dai ne kuma ƴan ta'adda ke karɓe wa dabbobi da sunan zakka, su ne aka kashe wa mutum 137 a Tiliya cikin Maris 2021. Gaba kura, baya sayaki.

Haka aka yi a Difa. Bayan harin Karamga a 2015 aka kwashe dubban mazauna tsibiran tafkin Cadi cikin ƴan kwanaki, aka kuma kama mutane fiye da 1000 bisa zargin Boko Haram, aka kai su Yamai da Kolo da Kutukale, fiye da kilomita 1300 daga danginsu, domin kotun ta'addanci a babban birni take. Sai a 2017 aka fara shari'arsu, kuma da yawa aka sallama don babu hujja. Masunci Babudume ko manomin tattasai Babarbare da ya yi shekara biyu a kaso saboda maƙwabcin da ke bin sa gaba ya nuna shi da yatsa, an sake shi, ba diyya ba ban haƙuri, ya koma ya tarar ba jirgi ba gona. Wane irin ɗan ƙasa ake sa ran ya zama?

Gidan kaso kansa shari'a ce ta daban. Shekara da shekaru fiye da rabin waɗanda ke kulle a Nijar jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba. Kason Yamai, da aka gina tun zamanin Turawa domin ƴan ɗaruruwa, a cikinsa fursuna 29 suka mutu dare ɗaya a Satumba 1999, an cusa su ɗaki guda ba iska. Doka ta ce awa 48 ake tsare mutum a hannun ƴan sanda kan laifi na yau da kullum, sai da iznin mai gabatar da ƙara a ƙara wasu. Dokar UEMOA ta 2014 ta ce lauya na da damar tsaya wa mutum tun daga sa'ar da aka kama shi. Madalla. Amma kusan dukan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune. Ɗan alhaji in an kama shi, kafin la'asar waya ta yi aiki, wani ya san wani, an zo an tsaya masa. Ɗan makiyayi kuwa, kafin labari ya kai ruga garke ya yi gaba, takardarsa ta shige ƙarƙashin wasu ɗari, ba mai zuwa ya tuna wa alƙali da shi. An kafa hukumar ba da taimakon shari'a kyauta a 2011, an yi babban taron gyaran shari'a a 2012 da jawabai masu daɗi. A tambayi wanda ke kwance a kason Dakwaro ko na Cintabaradan ko ya taɓa ganin lauya da idonsa.

Sai maganar harshe, wadda yanzu ta hau wuyan Hausawa kai tsaye. Tun Maris 2025 kundin da ke mulkin ƙasar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Masu murna sun yi murna. Amma Bahaushe ya fi kowa sanin zafin tsayawa gaban alƙali ana yanke masa hukunci cikin harshen da ba ya ji, shekara fiye da 60 yana dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. In aka musanya Faransanci da Hausa kawai, Batube na Bilma ko tsohuwar Bafillata ta Bermo suna nan inda suke, sai dai ubangida ya sake. Tafinta a ofisoshi da yawa shi ne duk wanda aka samu a tsakar gida: wani gardi, wani ɗan aike, wani lokaci ma ɗan uwan mai ƙara. Kalma ɗaya in ta karkace tsakanin na gani da na yi, shekara biyar ce ta mutum. Ƙasar da ke iya sayen motocin alfarma ga manya ba ta rasa albashin tafinta mai rantsuwa na Fulatanci da Tamajek da Tubanci da Barbarci a kowace kotu da kowace birgad.

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke ganin duk wannan bai shafe shi ba, ya leƙa ƙetaren iyaka. A Zamfara da ƙasar Katsina haka abin ya faro: satar shanu da ba a bi kadinta ba, alƙalai da ƴan sanda da suka mai da Bafillace saniyar tatsa, sannan ƴan sa-kai da suka shiga yanka mutane a tsakiyar kasuwa don kamanninsu kaɗai. Waɗanda aka hana wa shari'a suka shiga daji, ɓarayi na asali suka samu mayaƙa a ɓagas, kuma yau ba Bahaushe ba Bafillace, kowa suke ci. Tun 2019 dubun dubatar ƴan gudun hijira suka kwararo cikin jihar Maraɗi, satar mutane don fansa ta shigo ƙasar Madarumfa da Gidan Runji. Wa ake sacewa? Mai ɗan abin hannu, mai shago, matar alhaji, ma'aikacin da ake zaton yana da albashi. Ɓarawon daji ba ya wucewa ba a gan shi ba. Makiyayi ne ke fara ganin sawunsa. In makiyayin ya tabbata cewa kai labari zai jawo masa mari da tambayar ta yaya ya sani, sai ya kama bakinsa ya kora dabbobinsa gaba. Kuɗin wannan shiru alhazai ke biya, miliyan miliyan, cikin buhu, da dare. Masu kiran a raba wa samarin ƙauye bindigogi su kare kansu kuwa, su fara faɗa wa jama'a wane alƙali ne zai hukunta ɗan sa-kai ranar da ya harbe makiyayin da bai yi komai ba, tun da na mai kaki ma ya gagara.

Ma'aikaci shi ma yana da nasa kaso na alhaki, ba sai mai bindiga ba. Magatakardan da ke jan ƙafa wajen ba da takardar haihuwa ga ɗan ruga har sai an ba shi na goro, shi ne ya ƙera mutumin da za a sauke daga mota a kowane shinge don ba shi da kati. Likitan dabbobi da ma'aikacin gona da ke cikin kwamitin auna ɓarna, in suka sa hannu a kan adadin da ba su je sun gani ba, sun sa hannu a rikicin baɗi. Kuma alƙalin da ke son a girmama ƴancinsa, musamman yanzu da gwamnati ta rushe ƙungiyoyin ƙwadagon ma'aikatan shari'a a Agusta 2025, zai fi samun masu tsaya masa in talakawa sun taɓa ganin ranar da ƴancin nan ya amfane su.

Gyaran ba ya bukatar taron ƙasa na biyu. Mai gabatar da ƙara yana da ikon shiga kowace birgad da kowace komisariya ba sanarwa, ya buɗe rajistar waɗanda ke tsare, ya ƙirga awoyi, ya saki wanda lokacinsa ya wuce. Ya yi hakan sau ɗaya a mako, a gani. Bayan sulhun 1995 an ɗauki tsofaffin ƴan tawaye cikin rundunonin tsaro, kuma ƙasa ba ta rushe ba, hasali ma arewa ta fi samun kwanciyar hankali da ƴaƴanta cikin kaki; babu dalilin da zai hana a nemi ƴaƴan rugage da gangan a sa su jandarma da ƴan sanda, a kuma kai su inda ake jin harshensu. Gwamnonin jiha da ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara, su riƙa sanar da burtalin da aka buɗe da sunan wanda aka ci tara don ya nome shi, kamar yadda ake shelar makiyayin da aka kama. Rahoton Inates kuwa yana nan a rubuce tun 2020, da wuraren ramukan da maganar shaidu. Ba a bukatar sabon bincike kafin a miƙa shi ga alƙali, kuma iyalan mutum 102 suna nan da rai a ƙasar Ayoru, ana iya kiransu.